Ranar da Nasidi Ya Dafa Ƙasa

Nasidi ɗan mahautan Tudun Kaya ne, kuma duk shekarun da ya yi yana dambe ba wanda ya taɓa ganin gwiwarsa a ƙasa cikin fili. Ku da ba ku saba zuwa kallo ba, bari in gaya muku: a dambe, da zarar hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa, an kashe ka ke nan, wasa ya ƙare. To shi Nasidi ko tuntuɓe ba ya yi. Siriri ne, ga kunya. Ni awara nake toyawa a bakin fili, in ya zo saye sai ya durƙusa ya gaishe ni, in ce, "Kai Nasidi, yau dai na ga gwiwar nan a ƙasa." Sai ya sunkuyar da kai yana dariya, ya ce, "Inna, ki rufa mini asiri, kar Baba Sulle ya ji."

Baba Sulle shi ne makaɗinsa. Tsoho ne mai saurin fushi, amma in ya rataya kalangu ya saki taken Nasidi, har mu mata sai mu ji tsigar jikinmu ta tashi.

Wata kaka, bayan an gama cirar gyaɗa, aka shirya dambe a Zoza. Na ɗauki kaskona na bi jama'a. Wanda zai sa zare da Nasidi sunansa Ikrima, ɗan garin ne, bahago, ƙato, wuyansa kamar gindin kuka. Kafin a fara ya fito tsakiyar fili, gaban mahaifinsa da dattawan garinsu, ya rantse ba zai faɗi a ƙasar Zoza ba sai dai a ɗauki gawarsa. Na ce a raina, ɗan nan, me ya kai ka rantsuwa?

Bayan la'asar aka naɗa musu zare a hannu. Dambe turmi uku ake yi, wato zagaye uku. Turmin farko suka yi ta auna juna, aka raba su ba kisa. A turmi na biyu Ikrima ya kawo wani duka na hagu, Nasidi ya goce, ya sakar masa nasa a ƙasan kunne. Ƙarar kamar an jefo buhun gyaɗa daga kan amalanke.

Ikrima bai faɗi ba.

Daga inda kaskona yake, ina ganin fuskarsa sosai. Hannun da yake kare kansa da shi ya sauka, idanunsa a buɗe amma ba abin da suke kallo, jini na bin wuyansa daga kunne. Yaron nan ya tafi, ƙafafunsa ne kawai suka riƙe rantsuwar. Alƙalin wasa yana bayansa, bai gani ba. Mutanenmu na Tudun Kaya suna ta ihu a ƙarasa shi, Baba Sulle ya matse kalangu kamar zai tsinke tsarkiya.

Nasidi ya ɗaga hannu, sai ya tsaya. Na ji shi da kunnena yana cewa a hankali, "Ikrima, durƙusa. Don Allah, ɗan'uwa, durƙusa." Ina, ba ya ji. In Nasidi ya ƙara masa ɗaya, sai dai a yi sallar gawa. In kuma ya ja baya aka raba su, mutanen Ikrima za su watsa masa ruwa su turo shi turmi na uku, tunda ya rantse. Abu ɗaya ne ke rufe wasa nan take, shi ne kisa.

Sai Nasidi ya sunkuya, ya shimfiɗa tafin hannunsa a ƙasa, a fili, yadda kowa zai gani.

'Ya'yana, ban taɓa jin taro ya yi shiru irin na ranar ba. Kalangu ya mutu a hannun Sulle. Man da ke cikin kaskona kaɗai ake ji. Alƙali ya daɗe yana kallon hannun nan kafin ya busa usur. Daidai nan Ikrima ya fara tangaɗi, Nasidi ya miƙe ya tare shi da ƙirji, ya saɓa shi a kafaɗa har bakin motar da ta kai shi asibiti.

Da ya dawo, a gefen kaskona ya zauna yana warware zaren. Baba Sulle ya zo kansa yana huci. "Kai, ɗan nema, sunan da muka gina da zufa shi ka binne da hannunka?" Nasidi ya naɗe zaren tsaf ya miƙa masa, ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Hannun nan ya fi ƙarfina." Ko aure bai yi ba a lokacin, kuma bai sake shiga fili ba.

Ikrima ya daɗe a asibiti a Kano. Ya tashi, amma kunnen ya mutu, hannun hagun kuma yana rawa. Shi ma dambensa ya ƙare ke nan.

Da damina ta faɗi, ranar kasuwa, ina zaune kusa da tukubar da Nasidi yake gasa tsire, sai ga Ikrima yana dogara sanda. Ko sallama bai ƙarasa ba ya ce, "Kai, wa ya roƙe ka? Ni ban kashe ka ba."

"Alƙali ya ce ka kashe ni," in ji Nasidi, yana juya nama.

"Ƙarya ce. Ko tunawa ba na yi. Sai mun sake."

"To, ma sake. Riƙe mini wannan tukuna."

Ya miƙa masa tsinken tsire. Ikrima ya karɓa da hagu, yadda ya saba. Tsinken ya yi ta karkarwa, yaji na zuba a rigarsa. Ya tsaya yana kallon hannun nasa, ya daɗe. Nasidi bai ɗago ba, ya ci gaba da fifita wuta.

Can sai Ikrima ya mayar da tsinken hannun dama, ya jingina sandarsa, ya zauna a benci kusa da ni. Ya ce, "Inna, ina wuni. An ce ke kina kusa ranar. Gaya mini yadda aka yi."