Tarwaɗar Kwamin Hagu

Karo na uku ke nan Malama tana ɗora tarwaɗa a kan sikeli, sikelin kuma ya ƙi canza magana. Kifin kwamin hagu da na dama duk nauyinsu ɗaya.

Wata uku ta ɓata a kan wannan gwaji. Kwami shida na dama ana zuba musu abinci haɗe da garin tafarnuwa da ganyen zogale, don a ga ko zai ƙara musu girma da garkuwar jiki. Shida na hagu kuwa abinci zalla, don a samu abin kwatantawa. Ranar Litinin za ta miƙa sakamako. In ta kuskure, digirin da ta shekara huɗu tana bi sai baɗi.

"Baba!" ta ƙwala wa tsohon da ke ciyar da kifin kira. "Me kake ba na hagu?"

Ya taho yana goge hannu a riga, da fara'ar mutumin da ke jiran godiya.

"Abin da nake ba na dama mana."

"Ban rubuta a jikin bokiti ba? Ban maimaita maka har bakina ya yi tsami ba?"

"Kin faɗa. Amma Malama, sati biyu na yi ina kallonsu. Waɗancan suna ƙiba, waɗannan suna ramewa, har gyambo ya fara fito musu. Ni suke buɗe wa baki da safe. Gobe kiyama ni za a tambaya, ba ke ba."

"Ai ramar tasu nake nema! Ramar ita ce digirin!"

"To, Allah ya shirya digiri," in ji Baba.

Ta yi wurgi da komar da ke hannunta, ta kira Farfesa a waya, mai duba aikinta, wanda rabonsa da ƙarnin kifi tun kafin ya yi tumbi. Ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya yi dariya.

"Ke ma da ɗaukar zafi. Ai tsohon ya gani da idonsa garin yana aiki. Rage wa na hagu nauyi kaɗan a takarda. Kifi zai kai ki ƙara ne?"

Ta kashe wayar ba sallama. Ta daɗe a tsaye tana kallon tarwaɗar hagu, suɓul-suɓul da su, suna juyi cikin ƙoshin lafiyar da ta cinye mata shekara guda. Sai ta buga wa mai ƙyanƙyasa waya, ta ce ya kawo sabbin 'ya'yan kifi ranar Litinin.

Da la'asar ta shiga sito ita kaɗai, ta turo ƙofa. Ta haɗa abinci a bokiti goma sha biyu masu kama ɗaya, shida da garin, shida babu, ta sa wa kowanne lamba kawai. Ragowar garin ta kulle shi a kabad.

Baba ya leƙo, ya ƙare wa bokitan kallo.

"Wannan karon kowa da rabonsa ko?"

"Kowa, Baba," ta ce, idonta cikin nasa, ta jefa makullin a jaka.