Jarka a Kan Rufin Mota

"Shinshina da kyau, tsohuwa. Ƙamshin lemun tsami ne."

"Na shinshina, lukuti. Abin da ke ƙarƙashin lemun nake ji."

Azucena tana tsaye a tsakiyar motar, jakarta a hammata, hancinta a sama. Mijinta Fermín kuwa tuni ya haye kujerar direba ya rungume sitiyari, yana murmushi kamar ango. Mota ce mai ɗaki, fara sol, da gado, da murhun gas, da ɗan firji, da ƙananan fitilu jere a silin. A duk filin dillalin nan na bakin garin Córdoba ita kaɗai ce kuɗinsu zai iya taɓawa.

Dillalin saurayi ne mai takalmi mai sheƙi. Ya ce motar wani likita ce da bai taɓa samun lokacin hawanta ba. Ya ce akwai mai zuwa da yamma da kuɗi a hannu, kuma ko bai zo ba, ranar Litinin farashi zai tashi, su ma sun san ƙasar da suke ciki. Duk abin da Azucena ta tambaya, inji ne, birki ne, giya ce, amsa ɗaya yake ba ta: lafiya lau.

"To mene ne aibinta?"

"Ba ta da shi, Doña."

"Ɗana, ko mijina yana da aibi, kuma ni na zaɓe shi da kaina."

Ta yi rayuwarta a shagon gyaran gashi, cikin jiƙaƙƙun tawul, ta san warin danshi ko da an yi masa wanka da turare. Ta miƙa hannu ta danna silin a kusurwar da ke saman gado. Yatsanta ya lotsa. Fermín ya waiwayo daidai lokacin, ya ga yadda wurin ya nutse ya ƙi dawowa, irin ƙullun da ya kumbura ya wuce ƙa'ida. Mai biredi ne, ba sai an yi masa bayani ba. Ya saki sitiyarin a hankali.

A hanyar komawa gida bai kunna rediyo ba. Azucena tana satar kallonsa. Ranar aurensu, a bakin coci, ya raɗa mata cewa zai kai ta teku. Sai dai biredi ba ya hutu. Mutanen unguwa suna son nasu da zafi ranar Kirsimeti kamar kowace rana, haka shekaru suka yi ta wucewa, tekun da Azucena ta sani shi ne na jikin kalandar shagonta. Bana da gwiwoyinsa suka gaza, ya sayar da gidan biredin, tanda da komai. Abin da aka samu yana cikin jakar da ke hammatarta, kuma ba za a sake samun irinsa ba. In suka zuba shi a ruɓaɓɓiyar mota, shi ke nan. In suka tsaya jira, kullum farashi gaba yake yi ya bar su a baya. Tun farkon bazara suke yawon duba motoci, wannan ce ta ƙarshe da suka sa wa rai.

"Mu je a motar haya kawai," in ji shi, idonsa a kan titi. "Mako guda a masauki, ki ga ruwan, mu dawo."

Ba mako guda ya yi mata alkawari ba, shi ma ya sani. Sun sha kwatanta abin a kicin: su farka a inda suka ga dama, ta buɗe labule ta ga ruwa har iya ganinta, shi kuma ya yi barci har rana ta fito, karo na farko a rayuwarsa.

Sun kusa garin Cosquín, inda hanya ke bin gefen kogi, sai ta dafa cinyarsa ta ce ya tsaya.

A ƙarƙashin bishiyoyi, wata tsohuwar bas ce da aka mayar gida, koriya, fentinta ya koɗe, hancinta dogo kamar na motocin da. Ba kyakkyawa ba ce. Amma a kan rufinta, a tsakiya, ga jarkar roba a zaune tana ƙyalli a rana. Ko yaro a ƙasar nan ya san mota mai jarka a kai ta sayarwa ce.

Jini ya dawo fuskar Fermín. Kafin su fita ya gargaɗe ta kada ta kuskura ta nuna tana so, ta bar masa maganar, shi ya san yadda ake karya farashi.

Wata dattijuwa ce zaune a inuwa kan kujerar naɗewa, kanta ɗaure da ɗankwali, ƙoƙon shayin mate a hannunta, filas a gefen ƙafarta. Ta ce sunanta Hortensia. Da Fermín ya nemi izinin dubawa, ta ɗaga kafaɗa ta ce ya duba, ai mutane sun saba tsayawa.

Ya zagaya motar hannuwa a baya. Ya shuri taya. Ya ƙwanƙwasa gefe yana girgiza kai. Ya ce da ƙarfi, don a ji, wannan ai ta girmi kakarsa, fentin nan kuwa ko kejin kaji ba za a yi wa ba.

"Gaskiyarka," in ji Doña Hortensia. "Mijina ya yi shi da burushin fentin gida. Ba ka ma ga ɗaya gefen ba."

Fermín ya ɗan yi turus. Ya ce hala tana shan mai kamar rami. Ta ce tana sha, musamman a hawa. Ta ƙara da cewa giya ta biyu sai an lallashe ta, ribas kuma sai an kira sunanta sau biyu. Tagar baya ba ta rufuwa in ba a sa cokali ba. Firjin yana aiki, amma yana minshari. Ta tashi da ƙyar, ta kama hannun Azucena ta ja ta ciki, ta nuna mata wani baƙin tabo a silin: nan ruwa ya taɓa zubo musu a wata damina, mijinta marigayi Evaristo ya cire katakon gaba ɗaya ya sa sabo ya liƙe rufin, ya kuma ƙi yi wa wurin fenti don in ya sake tsatsafowa a gani da wuri. Bai sake ba.

Azucena ta danna. Katako ne, tauri kamar ƙofar coci. Ta lumshe ido ta ja numfashi: ganyen mate, sabulu, ɗan warin gas, tsohon katako da rana ta gasa. Babu danshi. Babu lemun tsami.

Dattijuwar ta zauna a kujerar direba ta murɗa makulli. Injin ya tashi a bugu ɗaya, da murya mai kauri, a natse, kamar dattijo na gyaran murya. Daga waje Fermín, wanda ya riga ya kwanta a ƙasa yana neman tsatsa bai samu ba, ya ɗago kai ya manta da cewa kushewa yake yi.

"Aibinta na ƙarshe shi ne wannan," in ji Doña Hortensia, tana nuna ƙasa da silifas ɗinta. "Yashin teku. Ya shige tsagun katako. Na share, na share, ya ƙi fita."

Azucena ta durƙusa. Ta sa farce a tsagar ta ƙwaƙulo ɗan yashi, fari, laushi kamar garin da mijinta ke kwaɓawa. Ta daɗe tana kallonsa a tafin hannunta. Abin da ta jira tun tana amarya ga shi ya biyo ta har gindin duwatsu, a ƙasan wata mummunar bas. Idonta ya ciko, ta manta da gargaɗin Fermín gaba ɗaya.

"Nawa za ki sayar, Doña?"

"Na sayar da me?"

"Motar."

"Wa ya ce miki ta sayarwa ce, 'yata?"

Fermín ya leƙo ta ƙofa, ciyawa a gashinsa, ya nuna sama da yatsa. Dattijuwar ta bi yatsan da kallo har kan jarkar, sannan dariya ta ƙwace mata. Ta yi ta yi har ta riƙe sitiyari, har hawaye. Da ta samu numfashi ta ce ruwa ne ta sa aka ɗora mata da safe ya yi ɗumi a rana, gashinta za ta wanke.

Azucena ta fashe ita ma, yashi a hannu, hawayen ɗazu na haɗuwa da na yanzu. Fermín kaɗai ne bai yi dariya ba. Kunnuwansa sun yi ja. Ya cire hula ya shiga ba da haƙuri, ya ce ya shigo gidan mutane ya zagi bango, maganar kejin kaji kuma wallahi ba har zuciyarsa ba ce. Doña Hortensia ta ce ya zauna ya sha mate, tun rasuwar Evaristo ba a yi mata faɗa a kan motar nan ba, har ta yi kewa.

Ƙoƙon ya zagaya tsakaninsu. Ta ba su labari a taƙaice. Ita da mijinta sun bi bakin teku har kudu inda iska ke ture mutum. Bayansa ta ci gaba ita kaɗai, sai da ido ya raunana aka ƙi sabunta mata lasin. Yanzu tana kwana a gidan 'yarta can bayan bishiyoyi, ta yini a nan. Kowace safiya tana tayar da injin don kada ya manta. Mijin 'yar yana so ya yanke gefen motar ya mayar da ita rumfar sayar da gasasshen nama a bakin titi, ta ce masa sai bayan ranta.

Azucena ta dubi ɗankwalin, ta dubi rana. Ta ce ruwan nan yanzu ya yi daidai, kuma ita sana'arta ce, in Doña ta yarda. Aka tura Fermín ya sauko da jarkar. Ya hau tsanin bayan motar yana nishi, matan biyu na ba shi shawara daga ƙasa, ɗaya na cewa tsanin ya ɗauki Evaristo, ɗaya na cewa Evaristo ba mai biredi ba ne.

Doña Hortensia ta kwantar da kai a bayan kujera. Gashinta fari ne, dogo, ya fi yadda ɗankwalin ya nuna. Azucena ta zuba ruwa a hankali, ta cuɗa sabulu, yatsunta na bin fatar kan kamar yadda suka bi dubban kawuna. Mata sukan yi magana in ana wanke musu kai, amma yau mai wankin ce ta yi. Ta faɗi alkawarin bakin coci, da kalandar shago, da tandar da aka sayar, da silin ɗin da ya lotsa da safe.

Idon dattijuwar a rufe ta tambayi nawa ne kuɗin da ke cikin jakar. Azucena ta sunkuya ta raɗa mata a kunne.

"Ko injin bai biya ba," in ji Doña Hortensia.

"Na sani."

Ta ci gaba da ɗauraya. Ta tare goshin da tafi don kada sabulu ya shiga ido, ta zuba ruwan har ya ƙare, ta goge, ta ɗauko matajin da ba ya rabuwa da jakarta. Kogi na ta gudu a ƙasa. Fermín yana tsaye riƙe da jarkar da babu komai, bai san inda zai ajiye ta ba.

Can dattijuwar ta tambaya ko lukutin ya iya babbar mota. Azucena ta ce ya yi shekaru yana raba biredi a akori-kura, bai taɓa taka ko kare ba. Ta tambaya ko yana minshari. Azucena ta ce ya fi firji. Doña Hortensia ta yi murmushi, ta karɓi ɗan madubin da aka miƙa mata, ta daɗe tana duban kanta, ta juya hagu, ta juya dama. Sannan ta kalli motar, tun daga dogon hancin har tagar da ke jiran cokali.

"Kai, mai biredi," ta ce. "Mayar da jarkar nan sama, haka nan babu ruwa, yanzu kam ta zama ta sayarwa. Na sayar, a abin da ke jakar matarka. Amma tafiyar farko da ni za a yi, kuma kujerar gaba tawa ce har teku."