Yashin da Ya Daskare

"Daga ƙugu," in ji Koci. "Hannu ɗan aike ne kawai."

Walƙiya ya murza ƙafar dama, ya saki naushi biyu a jere, buhun naushin ya yi lilo, sarƙar da ke riƙe da shi ta yi ƙara. Ɗan yayar Koci ne, mai aski a bakin titi, kuma duk cikin masu zuwa ɗakin atisayen babu mai saurin hannunsa, shi ya sa sunan ya bi shi. Sauri kam akwai. Ƙarfi ne Koci yake ta mita a kai, wai naushin nasa ko jariri ba zai tayar daga barci ba. Ga gasa ta matso.

Koci ya ce masa ya sauko ƙasa, ya nemi haƙarƙari, ya zuba duk nauyin jikinsa. Maganar na fita daga bakinsa ya tuna wani abu, amma Walƙiya ba ya jiran a faɗa masa sau biyu.

Ƙarar da aka ji ba ta buhu ba ce. Walƙiya ya durƙusa, ya cusa hannun dama a hammata, gumi ya keto masa.

Ga abin da Koci ya tuna. Da yashi zalla ya cika buhun nan don ya yi nauyi, bai gauraya da tsummoki ba. Tun farkon damina kwanon ɗakin ke yoyo daidai kan sarƙar, ruwa na bin ta yana shiga ta bakin buhun. Yashin ya jiƙe, ya sauka ƙasa, ya daskare. Makon jiya yana shara gwiwarsa ta bugi wurin, ya ji kamar ya bugi bango. Ya ce gobe zai sauke shi. Goben ta yi ta zuwa tana wucewa, shi kuwa ya dinga sa mutanensa naushi a sama, daidai kai, inda ke da laushi.

A asibiti hoto ya nuna ƙashi biyu sun karye a bayan hannu. Likitar ta ce zai daɗe bai riƙe injin aski ba, dambe kuwa sai abin da hali ya yi. Da ta tambayi yadda aka yi, Walƙiya ya riga kowa amsawa. Ya ce shi ya lanƙwasa wuyan hannu, kuma ba a yi sau ɗaya ko biyu ba kawunsa na ja masa kunne a kan haka. Koci na tsaye a gefe riƙe da safar hannun da aka farke da almakashi.

Sai ga Yaya, mahaifiyar Walƙiya, ta iso, mayafi a karkace. Ta sauke wa ɗanta kwandon faɗa: matarsa da tsohon ciki, shago a kulle, shi kuma ya je yana kokawa da buhu kamar buhun ya ci masa mutunci. Da ta gaji, ta juyo kan ƙanenta ta sassauta murya.

"Sannu, auta. Allah ya saka da alheri. Da yana jin maganarka da ba mu zo nan ba."

Da ta mare shi da ya fi masa sauƙi. Kunya ta kama shi har ya kasa cewa amin, ita kuwa ta ɗauka gajiya ce.

Bayan la'asar suka biya ɗakin atisaye, don makullan shagon Walƙiya na can cikin wandonsa na aiki. Buhun na rataye shiru. Walƙiya ya tsaya yana kallonsa, hannu cikin filasta, a saƙale a wuya.

"Kawu, ka yi haƙuri. Na ɓata maka gasa."

"Zo nan," in ji Koci. "Sa hannun hagu a tsakiya."

Ya sa, ya danna, fatar ta lotsa.

"Yi ƙasa."

Ya yi ƙasa, ya danna. Ya sake dannawa. Ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ya ɗaga kai ya bi sarƙar da ido har zuwa hudar kwanon, inda rana ke leƙowa.

"Ka sani?"

"Tun makon jiya."

Koci ya jira zagi, ya ma so a zage shi. Walƙiya ya lalubo makullansa da hagu, suka faɗi, ya sunkuya ya ɗauka da kansa kafin Koci ya motsa.

"Kada Inna ta ji," ya ce. "Kai kaɗai ne ɗan'uwan da ya rage mata. Ka dai sauke shi kafin 'yan yamma su zo."

Koci ya jawo benci ya hau, ya kama ƙugiyar sarƙar. Buhun ba ya saukuwa da mutum ɗaya, dole wani ya rungume shi ta ƙasa ya ɗan ɗaga. Tun da aka buɗe wurin nan, mutum ɗaya ne ke yi masa wannan.

"Tallafa min ta..." ya fara, ya waiwayo.

Walƙiya na tsaye a bakin ƙofa yana kallonsa, hannun a saƙale a wuya.