Tela Ya Ƙi Buɗe Ƙofa

"Buɗe ƙofar mana, Tela," in ji Mai Rediyo daga kan gado. "Ga ka a bakinta, me kuma kake jira?"

Tela ya ƙura wa teburin ido. Kwali ne shimfiɗe a kai, an zana ɗakunan wani jirgin sararin samaniya da biro, ga murafun kwalba uku a gaban wani jan layi. Murafun nan su ne 'yan wasan: shi, da Direba, da Dogo mai fenti. Jan layin kuwa ƙofar ɗakin makami ce, makamin da in ya tashi zai ƙone duniya ƙurmus.

Mai Rediyo maƙwabcinsa ne, bango ɗaya ya raba su, kuma shi ya ƙirƙiro wasan shekarun baya. Duk Asabar da yamma yakan ba su labari, kowa ya faɗi abin da zai yi, ya jefa ƙwayar ludo, shi kuma ya dubi lambar ya yanke abin da ya faru. Bai taɓa rubuta komai ba, duk a kansa yake. Magidanta da furfurarsu, unguwa ta yi musu dariya har ta gaji ta bari. Da ciwon huhu ya kwantar da shi, sai teburin ya dawo ɗakinsa, tsakanin gado da tarin rediyoyin da aka kawo masa gyara, masu su suka daina zuwa tambaya.

"Bari in koma in duba injin jirgi tukuna," in ji Tela.

Direba ya tafa hannu. "Kai, wannan inji! Wancan makon ka duba shi, na gabansa ma ka duba. Ko motata ba ta samun wannan gata."

Mabuɗin a hannun Tela yake a cikin labarin, kuma dokar wasan ba ta da wasa: ba mai taɓa murfin wani, ba mai magana a madadin wani. Mai Rediyo ne ya kafa ta, bai taɓa karya ta ba ko don kansa.

Tela kuwa tsoro yake ji, tsoro sosai. Likita ya daɗe da cire rai da Mai Rediyo. Amma mutumin da ba ya iya ɗaga kofi duk mako, ranar Asabar sai ya ce a jingina shi da filo, muryarsa ta dawo. Tela ya sa wa ransa cewa labarin ne ke riƙe da shi, ranar da aka gama kuwa shi ke nan.

"Ɗan'uwa, na gaji," in ji Mai Rediyo a hankali. "Abin da ke bayan ƙofar nan na daɗe ina ɗauke da shi. Ku karɓa mana."

"Asabar mai zuwa, Yaya. Ai muna nan."

Dogo ya sunkuyar da kai yana ɓantarar busasshen fenti a farcensa. Mai Rediyo ya dubi Tela ya ce, "To, jefa." Tela ya jefa. "Ka isa ɗakin inji. Ka duba ko'ina. Inji lafiya lau." Tari ya sarƙe shi, matarsa ta shigo da magani ta ce ya isa haka na yau.

Da safiyar Laraba Tela yana zura zare a allura ya ji kukan matar Mai Rediyo ta bango. Bai ko sa takalmi ba ya fita, amma kafin ya shiga an riga an rufe shi da zane.

Bayan jama'a sun ragu, ta tare shi a bakin ƙofa, idanunta a kumbure.

"Maƙwabci, jiya na ce masa, 'Baban yara, gaya mini abin da ke cikin ɗakin makamin nan in ajiye musu.' Ya yi murmushi ya ce, 'Sai wanda ya buɗe.'"

Da hannunsa Tela ya hana bawan Allah sauke kayan da ya roƙa a sauke masa, kuma bai ƙara masa ko kwana ɗaya ba.

Ranar Asabar da yamma ƙafa ta kawo Direba da Dogo kamar kullum. Suka tsaya a ƙofar gidan, sannan suka juyo shagon Tela suka zauna a benci. Ba wanda ya kawo zancen inji.

Can Direba ya zaro ƙwayar ludo daga aljihu ya ajiye wa Tela kan teburin keken ɗinki. Tela ya juya ta a tafinsa.

"Na buɗe ƙofar," ya ce, ya jefa.

Ƙwayar ta gangara ta bugi almakashi ta tsaya. Shida ce. Su ukun suka zuba mata ido suna jira, a waje kuma wata mota ta wuce a hankali.