Ƙamshin Bota a Ɗakin Baba Direba

"Barci yake yi," in ji Gwaggo, matar Baba Direba. Ta karɓi farantin ta ɗan tsagin ƙofar da ba ta buɗe duka ba. "Kawo nan, in ya tashi na ba shi."

"Jiya ma barci kika ce yana yi, Gwaggo."

"To ni na hana shi farkawa? Tsoho ne, 'yar nan, ba ɗan makaranta ba."

Ƙofa ta rufe. Tabarau ta tsaya a saman matakala, tafin hannunta da sauran ɗumin farantin. Wani ƙamshi ne ya biyo iskar ƙofar ya bugi hancinta, ƙamshin da bai kamata ya fito daga wannan ɗaki ba. Bota ce ke narkewa cikin fulawa.

Duk mutanen benen sun san Baba Direba ba ya cin alkama, ba ya shan madara. Tun yana jan motar haya likita ya faɗa masa hanjinsa ba ya shiri da su. Ko ɓurɓushin burodi ya faɗa masa a abinci, sai ya yi kwana da kwanaki yana murƙususu. Tabarau ta fi kowa sani, don bango ɗaya ne tsakanin kicin ɗinta da nasu. Ita yarinya ce mai aiki a shagon littattafai, mai yawan shiru da saurin firgita, kuma Baba ne ya raɗa mata sunan saboda gilashin idonta mai kauri kamar gindin kwalba.

Da ciwon tsufa ya kwantar da shi, ta je gaishe shi, ya ce mata abu ɗaya yake kewa a duniya: ɗan kek mai ɗumi a gefen shayi. Daga ranar ta shiga koyo. Ta sayi sabuwar rariya da sabon kwano ta ɗaura musu jan zare, don kada su taɓa haɗuwa da fulawa. Shinkafa take niƙawa da ƙaramin injinta, ba ta yarda da na kasuwa da ake zuba wa komai ba. Ta tankaɗe garin, ta dama da madarar kwakwa, da ƙwai, da ayabar da ta nuna har bayanta ya yi baƙi, ta barbaɗa kirfa, ta zuba a tire mai gurbi-gurbi. Na farkon da ta kai masa, Baba ya juya shi a hannu ya ƙwanƙwasa da farce.

"Wannan ki ajiye min shi," ya ce. "In na faka mota a gangare na sa a bayan taya."

A hankali hannunta ya faɗa. Kek ɗin ya soma tashi, kansa ya yi tulluwa, cikinsa ya yi laushi. Kullum da safe kafin ta tafi shago sai ta kai, Baba ya ci yana lumshe ido, Gwaggo tana gefe tana tsokanarsa.

"Ci a hankali, ba wanda zai ƙwace. Kai dai ka tafi ka bar ni in huta da wahalarka."

"Ke za ki riga ni," yakan ce. "Birkinki ya tsinke tun tuni."

A da Tabarau dariya take yi. Yanzu da take sauka daga matakalar, sai maganar ta dawo mata da wata irin murya. In huta da wahalarka. Ta karanta littattafai da yawa, irin waɗanda ake tsintar mutum a mace a kan kujera, daga ƙarshe a gane na kusa da shi ne. Ta yi wa kanta faɗa, ta ce wannan shirme ne, Gwaggo ce fa. Amma hanci ba ya ƙarya, kuma rabonta da jin muryar Baba ta bango an kwana biyu.

Washegari ta ga Gwaggo tana dawowa daga kanti, ta rufe wata leda da gefen mayafinta. Da ta ɗaga ƙafa za ta hau bene, mayafin ya zame, ƙullin fulawa ya leƙo, da takardar bota mai ruwan zinariya. Suka haɗa ido. Gwaggo ta ja mayafi ta wuce ba ko sannu.

Da yamma farantin ya dawo a wanke tas.

"Ya ci?"

"Ya cinye har yana lasar yatsa."

"Me ya ce? Na ƙara kirfa yau."

"Ya ce ya ji."

Baba bai taɓa cin abu ya tsaya a "na ji" ba. Sai ya kwatanta shi da sabuwar taya ko tsohon batir.

Abin da ya ƙarasa rikita ta a bakin get ta same shi. Maigadi na zaune a bencinsa yana shan shayi, gemunsa duk ɓurɓushi, a cinyarsa ga kek mai ruwan ƙwai an raba shi biyu.

"Bismillah, Malama Tabarau. Gwaggo ce ta ba ni. Kwanan nan kullum sai ta sauko min da shi, har wandona ya fara ƙorafi."

Ta gutsuri kaɗan ta matsa tsakanin yatsu. Nata in an matsa wargajewa yake kamar yashi. Wannan kuwa ya dunƙule ya yi danƙo, ya bar maiƙo a yatsanta.

"Kullum a rabe take kawo shi?"

"Kullum. Wa ya damu? Ciki ma a rabe zai same shi."

Ta hau sama. Ta zauna a bakin gado da waya a hannu. Auta, ɗansu da ke aiki a wani gari mai nisa, ya bar mata lambarsa zuwansa na ƙarshe, ya ce in ta ga wani abu ta kira shi. Ta san abin da kiran zai jawo. Auta ya daɗe yana so ya ɗauke mahaifinsa ya kai asibiti, Baba kuwa ya rantse a gadonsa zai ƙarasa, kusa da matarsa. In ta kira, za a raba su. In ba ta kira ba kuma zarginta gaskiya ne, to da ita aka yi, tunda farantinta ake fakewa da shi. Ta ajiye wayar, ta ɗauka, ta goge gilashinta, ta sake ɗauka. A daidai lokacin ƙamshin botar ya sake ratso bango. Ta danna.

Kashegari da hantsi Auta ya iso, da motar asibiti a bayansa da mutum biyu riƙe da gadon ɗaukar mara lafiya. Bai ƙwanƙwasa ba, da mabuɗinsa ya buɗe. Tabarau ta biyo shi ta raɓe a jikin ƙofa.

An janyo gadon Baba daga uwar ɗaki zuwa falo, an ajiye shi daf da ƙofar kicin. Ya ƙanƙance har bargon ya fi shi tudu. Gwaggo na zaune a gefen gadon, kek mai zafi a cikin tsumma, ta raba shi biyu ta kara a ƙarƙashin hancinsa, tururi na tashi.

"Inna!" Auta ya fizge tsumman. "Me kike ba shi? Fulawa? Kashe shi za ki yi?"

Gwaggo ba ta dubi ɗanta ba. Ta tsallake shi da ido ta sauke a kan Tabarau, ta daɗe tana kallonta.

"Haɗa su," ta ce wa Auta. "Haɗa ɓarin biyun ka gani ko akwai inda aka gutsura."

Ya haɗa. Suka zauna daidai, ba abin da ya ragu.

"Ubanka ya daina haɗiye abinci. Ruwa ma da auduga nake jiƙa masa leɓe. Ya ce tunda ba zai ci ba, a bar shi ya shaƙi abin da aka hana shi rabin rayuwarsa. Shi ne nake gasawa, in raba, ya sha ƙamshi, in ya huce in kai wa maigadi." Ta miƙe da ƙyar, ta dafa bango. "Tun kana goye nake wanke cokalinsa daban. Ni za a kawo wa mota?"

"To me ya sa ba ki faɗa min ya kai haka ba?"

"Don in na faɗa, ga abin da za ka zo da shi." Ta nuna mutanen da ke tsaye da gadonsu.

Tabarau ta matso daga jikin ƙofa. "Nawa fa, Gwaggo? Kin ce yana cinyewa."

Wani ɗan sauti ya fito daga cikin bargon. Sai da suka matsa suka gane dariya ce.

"Tabarau," Baba ya ce, muryar kamar ana jan takarda. "Ke kika kira mana 'yan sanda?"

Ta durƙusa a gaban gadon, ta kasa ɗaga kai.

"Ni na ce kar a faɗa miki. Wannan tsohuwar, tun ranar da aka hana ni alkama ta hana kanta. Yanzu kuma ta daina ɗora tukunya. Naki kaɗai take ci." Ya tsaya ya nemi numfashi. "In kin daina, wa zai ba ta mai? Kuma ina jin rariyarki ta bango da safe. Kaf-kaf-kaf. Kamar inji mai lafiya."

Auta ya share fuska da hannun riga. "Baba, mu tafi dai. Can akwai masu kula da kai."

"Na riga na faka, Auta. Ka zauna ka sha iska."

Auta ya daɗe a tsaye, kek ɗin a hannunsa. Ɗaya daga cikin mutanen ya yi gyaran murya. Daga ƙarshe Auta ya fita da su, aka ji motar ta tashi ta bar layin. Ya dawo ya cire takalmi, ya zauna a inda uwarsa ta tashi, ya sake raba kek ɗin ya kara wa mahaifinsa.

"Ya huce," in ji Gwaggo. "Ba ka iya komai ba. Kawo in ɗumama."

Da za ta shiga kicin ta wuce ta gaban Tabarau kamar ta wuce kujera.

Tabarau ta ci gaba da gasawa, amma ta daina ƙwanƙwasa ƙofa. A ƙasa take ajiye farantin ta gudu. Wata safiya tana cikin tankaɗe, ƙamshin bota ya ratso bango kamar kullum, sai ta ɗan sassauta hannu tana shaƙa. Ƙamshin ya yi ƙarfi, ya yi duhu, ya soma ɗaci. Gwaggo ba ta taɓa barin abu ya ƙone ba. Tabarau ta ajiye rariyar, ta tsaya da gari a hannu tana sauraro. Can ta ji muryar Auta, ƙasa-ƙasa, yana salati.

Ita ta shiga ta kashe oben ɗin, ta buɗe taga. Ba wanda ya ce mata shigo, ba wanda ya ce fita.

Masu ta'aziyya suka zo suka cika benen, takalma har kan matakala, sannan suka watse. Auta ya roƙi uwarsa ta bi shi, ta ce ba yanzu ba, ya koma bakin aikinsa. Tabarau ta wanke rariya da kwanon mai jan zare ta kife su a saman kabad. In ta ji motsin Gwaggo a matakala sai ta jira ta wuce kafin ta fito. Littattafan nan kuwa ta tattara ta tura ƙarƙashin gado.

Ranar da ba ta zuwa shago, da safe, aka buga mata ƙofa. Gwaggo ce, ta rame, riƙe da farantin nan a wanke.

"Naki ne."

"Na gode, Gwaggo." Ta karɓa, idonta a ƙasa. "Gwaggo, ni dai..."

"Shiru nake ji ta bangon nan. Rariyar ta ɓace ne?"

"Tana nan. Na ɗauka yanzu ai kina iya cin na fulawa."

"Na gwada. Bakina bai san shi ba." Gwaggo ta leƙa cikin ɗakin. "Za ki ba ni hanya, ko sai kin kira Auta ya ba da izini?"

Tabarau ta matsa da sauri har gilashinta ya zame. Gwaggo ta shiga ta zauna a kujerar kicin, ta jingina da bangon da ya raba ɗakunan biyu. Tabarau ta sauko da kwanon, ta tankaɗe gari, ta murje ayaba, ta fasa ƙwai. Da ta ɗauko kirfa, Gwaggo ta ce, "Kirfar nan taki tana yawa. Na daɗe ina so in faɗa miki."

Da suka gasu, Tabarau ta ciro ɗaya ta ɗora a faranti ta tura gabanta. Gwaggo ta ɗauka da gefen mayafi saboda zafi, ta raba shi biyu. Ba ta kai baki ba tukuna. Ta riƙe ɓari ɗaya a gefenta, ƙasa-ƙasa, daidai tsayin matashin kai, tururin yana tashi a hankali yana bin bango.