Yayen Nuraddeen

Ranar kasuwar Jega Iklima ta ja yayarta Murjanatu cikin shagon intanet na bakin tasha, wai ta zo ta ga aikin wani ɗan'uwansu na Kaduna. Ya jera zuriyar kakansu Alu kaf a kwamfuta, reshe-reshe.

Murjanatu ta bi da yatsa a hankali. Ga Alu a sama. Ƙarƙashinsa ga 'ya'yansa: Abdu, babanta Ɗanlami, Gwaggo Delu. Sai na huɗu a jere da su, Nuraddeen. Mijinta.

"Ashe baffanki kinka aura," in ji Iklima tana dariya. "Kuskure anka yi, Yaya."

Murjanatu ba ta yi dariya ba. Ta tashi da sanin Nuraddeen ɗan Abdu ne, auren zumunci aka yi musu. To amma a gidan Alu ya girma. Baba yake ce wa Alu, Abdu kuwa Yaya, kuma har Abdu ya koma ga Allah ba ta taɓa jin ya kama sunan Nuraddeen ba. Ta dafa cikinta da ya fara fitowa. Waɗanda suka ɗaura auren duk sun rasu, saura Gwaggo Delu.

Ba ta koma gida ba. Ta shiga motar Maiyama, garin da Gwaggo Delu take.

Ta iske Gwaggo a tsakar gida tana tsince ruɓaɓɓiyar albasa. Ko gaisuwar kirki ba ta iya gamawa ba ta zazzage mata zancen.

"Ke dai akwai tsoro," in ji Gwaggo. "Ɗan Abdu na. Ɗan hwari, shi ya sa ba ya kiran sunanai. Shi mai rubutun bakin mutane ya bi, bai tambayi manya ba."

Murjanatu ta yi hamdala.

"Gabana anka kawo shi yaye wurin Inna," Gwaggo ta ci gaba. "Yaro ya yi ta kuka, ya ƙi kunu, sai da Inna ta sa mai nono a baki kana ya yi shiru."

Murjanatu ta matso kusa. Nonon Inna matar Alu, wanda babanta ya sha. In Nuraddeen ya sha shi, ya zama ƙanen babanta ta shayarwa, aure ya haramta, ko me kwamfuta ta rubuta.

"Gwaggo," ta ce da ƙyar, "da ruwa ciki?"

Hannun tsohuwar ya tsaya a kan albasa. Ta ɗago ta dube ta, ta dubi cikin, fara'ar ta gushe. Leɓɓanta suka shiga motsi, tana jero haihuwar Inna ɗaya bayan ɗaya.

"Wa Inna ka goyo lokacin?" Murjanatu ta sake tambaya.

"Babu kowa." Gwaggo ta girgiza kai a hankali. "Ni ta auta. Kuma ni ka goya shi in tahi rijiya, ina budurwa. Nonon Inna ya daɗe da ƙahewa. Hwata kurum ya tsotsa."

Murjanatu ta zauna cikin ɓawon albasa, hawaye na zuba.

"Ki sake hwaɗi, Gwaggo."

Gwaggo ta sake faɗa, kalma-kalma. Sannan ta jawo gyalenta.

"Tashi mu tahi wurin liman tun ina da rai, in hwaɗa gabanai. Ita ko Iklima ta ce ma ɗan Kadunan ya maida ma Abdu ɗanai."