Da Sauƙi

Tef ɗin awo da ke rataye a wuyan Inna Tela yana hawa yana sauka da sauri. Shi Auta ta fara lura da shi tun kafin ta ɓare ledar tsinken audugar. Ta bi shi da ido, ta ga lambobinsa suna rawa a kan ƙirjin tsohuwar, sai ta kau da kai.

"Ɗan ɗaga kanki, Inna."

"Yau ga ranar Likitar Takarda. Hancina za ki tona? Ajiya kika yi a ciki?"

"Yanzu za a gama."

Ta zura tsinken, ta murza. Inna Tela ta yi atishawa uku a jere, hawaye suka cika mata ido, ta ɗaka wa Auta duka a hannu.

"Ja'ira! Ni da na yanke miki ɗankwalin farko, da wannan za ki saka mini?"

Auta ba likita ba ce, Inna ma ta sani. Lafiyar al'umma ta karanta a jami'a, aikinta kuma a wani ɗan ɗaki yake a bayan asibitin unguwa, ɗaya daga cikin wuraren da aka zaɓa don sa ido a kan yaɗuwar mura. Duk wanda ya zo da zazzaɓi da tari na ƙasa da kwana goma, nas za ta turo mata shi. Ta ɗebi majina, ta ba shi lamba, ta cika fom, ta saka kwalbar cikin akwatin ƙanƙara. Ran Alhamis mota ta zo ta kwashe zuwa babban ɗakin gwaji. Daga irin waɗannan kwalabe ake gane wace irin ƙwaya ce ke yawo a bana, ina ta dosa, kuma yaya zafinta.

Inna Tela ce lamba ta ɗari biyu da goma sha huɗu. Ita ce kuma maƙwabciyarsu a hawa na biyu, bango ɗaya ya raba ɗakin ɗinkinta da gadon Auta. Mijinta, Baba Direba, shi ya ja ta asibiti da ƙyar, yana can waje a kan benci.

"Mura ce fa," in ji Inna. "Tun da aka haife ni nake mura, ba wanda ya taɓa sa ni a littafi."

"Sunan ne ɗaya, Inna. Wadda muke nema daban ce, tana kayar da mutum, tana sauka a ƙirji."

"Nawa ƙirjin ya fi ƙarfinta."

Auta ta karanto tambayoyin. Ciwon kai? Akwai. Ciwon gaɓoɓi? Kamar an yi mata duka da taɓarya. Wahalar numfashi?

"A'a. Tafiya na yi, kin san Babanku in ya sa kai ba ya waiwaye, kamar har yanzu yana kan sitiyari."

Auta ta sake duban tef ɗin. Kusan minti ashirin ke nan da zaman Inna. Ta buɗe baki, sai ta ji nauyin ta musa wa matar da ta goya ta. Ta sa alama a kan "a'a".

A bakin ƙofa Inna ta juyo. "Farar rigarki saura hannu ɗaya. Aljihu biyu na yi miki manya, tunda ke da biro kike warkar da mutane."

Shafin ƙarshe na fom ɗin na bibiya ne. A rana ta uku da ta bakwai ana kiran mara lafiya a waya a tambaye shi yadda yake ji. Da yaren waje fom ɗin ya zo, Auta ce ta mayar da shi Hausa a makonta na farko, har shugabar sashe ta yaba mata a gaban mutane, ta rasa inda za ta sa kanta. Akwati uku ne: Ya warke. Da sauƙi. Ya tsananta. Duk wanda ya faɗa a na uku, a ranar ake tura mota a kawo shi gaban likita.

Ran Alhamis da hantsi ta kira lamba ta ɗari biyu da goma sha huɗu. Wayar ta daɗe tana ruri.

"Wa ke magana?"

"Ni ce, Inna. Daga asibiti."

"Ikon Allah. Bango ɗaya tsakaninmu, sai kin je ofis za ki gaishe ni? Gwamnati ce ta hana ƙwanƙwasa ƙofa?"

"Ka'idar aikin ce. Yaya jikin?"

Tari ya tare ta, mai tsawo, irin wanda ke fitowa daga ƙasa. Auta ta riƙe wayar tana jira.

"Da sauƙi," in ji Inna. "Alhamdu lillahi, da sauƙi."

Auta ta sa alama a akwati na biyu, ta kira na gaba.

Da yamma shugabar sashe ta leƙo, ta tsaya a bayanta tana duban kwamfuta. Layin masu kamuwa ya miƙe sama kamar matakala, ɗigon ja ya cika taswirar unguwa.

"Yawa kam akwai," in ji ta. "Amma dubi nan. Tara cikin goma da sauƙi. Bana mun yi sa'a, ba mai zafi ba ce. Haka zan rubuta wa na sama."

Shekara ashirin da huɗu Auta tana tashi da ƙarar keken ɗinkin Inna. Da shi ta yi karatun jarrabawa, har takan gane daga sautinsa ko lallausan yadi ake ɗinkawa ko mai kauri. Ran Laraba ya yi kaɗan ya tsaya. Ran Alhamis bai yi ba. Ran Juma'a da ta dawo aiki, ta ga guntayen zare da ƙyallaye a bakin ƙofar Inna yadda suke tun shekaranjiya, ba a share ba. Inna da ba ta kwana da shara.

Ta tsaya da hannu a sama, ba ta ƙwanƙwasa ba, sai ga Baba Direba ya buɗe, riƙe da filas.

"A'a, Likita. Sannu da aiki."

"Sannu Baba. Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi. Barci take."

Ta kafaɗarsa ta hango gefen keken, an rufe shi da zane, farin yadi a ninke a kai. Daga uwar ɗaka wani sauti ke fitowa, kamar ana yaga yadi a hankali, a tsaya, a sake. Ta san abin da littafi ya ce game da wannan sautin, har shafin tana iya tunawa. Abin da ya rage ta ce, Baba, matsa in gani. Amma dattijo ne ya tsaya a ƙofar gidansa ya ce da sauƙi.

"Allah ya ƙara sauƙi," in ji ta.

"Amin, amin. Gaida Ummanki."

A gida ta ce wa Umma, "Numfashin Inna bai yi mini ba."

"Ɗazu na leƙa, ta ce da sauƙi. Kada ki ja mata da bakinki."

Ran Asabar bayan azahar aka sauko da Inna a kan kujerar roba. Maza biyu daga hawan ƙasa suka ɗauka, Baba Direba yana gaba yana ta cewa, "A hankali, akwai kwana, a hankali." Takalminta ɗaya ya faɗi a matakala, Auta ta ɗauka, ta bi su cikin mota da shi a hannu ba tare da kowa ya ce ta shiga ba.

A babban asibiti likita ya ɗora wa Inna abin awo a baya, ya saurara, ya ɗago.

"Kwana nawa tana haka?"

"To, ai da ma tana samun sauƙi..." in ji Baba.

"Huhun duka biyu sun cika. Me kuke jira?"

Auta ta dubi takalmin da ke hannunta.

Kafin magariba aka bar ta ta shiga. Inna tana jingine da matashi uku, robar iska a fuska, leɓunanta sun yi duhu. Ba tef a wuyanta, sai wuyan ya yi wa Auta kama da na wata. Ta ɗaga robar da yatsa biyu.

"Likita... kin zo ƙirga ni?"

"Ki mayar da robar, Inna."

"Wace ce ni ma? Ɗari biyu da..."

"Da goma sha huɗu."

"Ashe muna da yawa." Ta ja iska, ta ja. "Rigar nan... kada ki kai wa wani tela. Ɓata miki kafaɗa za su yi."

Bakin Auta ya faɗi abin da ya saba.

"Yaya jikin, Inna?"

Inna ta dube ta. Idanunta suka yi irin ƙyallin da suke yi in za ta tsokani mutum, amma ƙarfin bai kai ba.

"Da sauƙi, 'yar nan."

Washegari da hantsi ta cika.

Ran Litinin Auta ta je aiki, don ba wanda zai zauna a kujerarta. Ta kunna kwamfuta, saƙo biyu suna jiranta. Na farko daga ɗakin gwaji: lamba ɗari biyu da goma sha huɗu, an samu ƙwayar. Na biyu tunatarwa ce: lamba ɗari biyu da goma sha huɗu, rana ta bakwai, a kira.

Ta zaro fom ɗin daga fayil. Ga alamarta ta ran Alhamis, tsaf, ba ta ko karkace ba. Ta duba akwati ukun na yau, babu wanda zai ɗauki Inna. Ta rubuta a gefen takarda da ƙananan baƙaƙe, ta sa kwanan wata.

Daga nan ta jawo dukan fayil ɗin makon. Ta kira na farko, wani mai gadin makaranta.

"Yaya jiki, Baba?"

"Da sauƙi."

Ta runtse ido. "Baba, yi haƙuri. Daga gadonka zuwa bakin ƙofa, kana kaiwa ba ka tsaya ba?"

"To... ina tsayawa sau ɗaya. Ko biyu."

"A kwance kake barci ko a zaune?"

"Wa ya gaya miki a zaune nake kwana?"

Kafin la'asar ta kira mutum talatin da ɗaya. Dukansu suka ce da sauƙi. Bakwai ba sa iya kaiwa ƙofa. Ta ɗauki sunayensu ta shiga ofishin shugabar sashe, karo na farko da ta shiga ba a kira ta ba, ta ajiye takardar a kan tebur.

"Kalmar ce," in ji ta. "Ni na sa ta. Gaisuwa na sa a fom."

Shugabar ta karanta. Ta cire tabarau, ta daɗe tana goge shi da gefen mayafi.

"Mahaifina ma ita ya faɗa mini," in ji ta a hankali. "Kuma na sa hannu a fom ɗin nan." Ta jawo waya. "Kira direban mota. A fara da mai gadin."

Kwana huɗu bayan haka, da la'asar sakaliya, masu zuwa ta'aziyya sun ragu, an tattara takalman da suka cika baranda. Umma ta fita. Auta tana zaune a falo da sabon fom a kan cinya, tana goge wani layi karo na uku, sai aka yi sallama a hankali.

Baba Direba ne, da leda baƙa a hannu. Ya ƙi zama. Ya zaro farar rigar, ya warware ta a kan kujera. An goge ta har rabi. Aljihu biyu manya, an ninka musu ɗinki. Hannun dama a haɗe, na hagu an kafe shi da allurai huɗu, layin shuɗin alli ya bi kafaɗar inda zare zai bi.

"A kan keke na same ta," in ji shi. "Na san taki ce."

Auta ta miƙe. Ta shirya maganar tun ran Lahadi, amma da ta fito, guntuwa ta fito.

"Baba, ni na rubuta da sauƙi. Ran Alhamis. Da na rubuta ɗayan, da a ranar an turo mota. Kuma ran Juma'a na ji numfashinta, na ji da kunnena, na wuce."

Ya dube ta, ya dubi rigar. Ya sa babban yatsa ya danna wata allura da ta ɗan zaro, ya mayar da ita wurinta.

"Shekara arba'in da ɗaya," in ji shi. "Ranar da ta haifi na farinmu ya koma, na tambaye ta yaya jiki. Abin da ta ce mini ke nan."

Auta ta jira ko zai ƙara wani abu. Ya ninke ledar gida huɗu, ya sa a aljihu. Ya tsaya kaɗan yana duban bangon da ya raba gidajen biyu, kamar mai sauraron wani abu. Sannan ya juya, ya zura takalmansa, ya ja mata ƙofar a hankali har ta rufu.